Inna ta ce kiriyatin zai kashe min ƙoda, in sha ko in bari?

"Salamu alaikum yaya. Shekarata 23, ina Garin Malam nan Damagaram, kabu-kabu nake yi. Wata 8 kenan ina ɗaga ƙarfe a fadarmu bayan la'asar amma har yanzu kilo 61 nake, abokaina duk sun buɗe ni ko ina nan jiya i yau. Akwai wani cikinmu dake kawo kiriyatin daga Kano yana ƙullawa a leda yana saida mana, yace wata ɗaya ya isa inga canji, na sayi ƙulli ɗaya. Inna ta ganshi a ɗakina hankalinta ya tashi tace ƙwaya ce, dama babanmu ciwon ƙoda ne ajalinshi shekara 3 da suka wuce, tace in na sha bata yafe ba. Ban taɓa ledar ba har yanzu. Wai da gaske yana kashe ƙoda? Kuma ya zanyi da Inna?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan baba yasa ciwon ya zame mishi kaffara.

Ledar nan dai ka maida ma mai ita, in ya ƙi maida maka kuɗinka ka barshi dasu ka zubar da garin. Ba wai don kiriyatin guba bane, a'a, don kai da shi mai saidawan babu wanda zai iya dafa Alƙur'ani yace ga abinda ke ciki. Farin gari ne a leda ba suna ba kwanan wata ba komai. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara faɗa maka menene shi abin, saboda naga daga kai har Inna da abokin naka kowa nada nashi hoton a kai kuma duk ba daidai bane.

Kiriyatin yanzu haka da kake karanta wannan akwai shi a jikinka. Ƙoda da hanta suna haɗa kamar giram 1 kullum, sauran kuma kana samu a nama da kifi, kuma kusan kashi 95 cikin 100 a tsoka yake zama. Namiji mai kilo 70 yana ɗauke da wajen giram 120. Tun 1832 wani bafaranshe masanin sinadarai, Michel Chevreul, ya ciro shi daga nama, kaga ba sabon abu bane da 'yan intanet suka ƙirƙiro jiya. Baya sa maye, baya gusar da hankali, baka kamuwa dashi yadda ake kamuwa da taramol, kuma ba irin allurar nan bace ta ƙarin ƙwanji. Hukumar WADA mai hana 'yan wasa shan abubuwan ƙara kuzari bata saka shi cikin jerin haramtattu ba, ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo zai sha ya shiga gasa ba mai ce mishi kanzil.

Aikinshi kuma ɗan ƙarami ne takamaimai. Lokacin da ka kwanta kan benci ka turo ƙarfe, makamashin da tsoka take ƙonawa nan take, wanda ake kira ATP, cikin 'yan sakanni yake ƙarewa, shi kiriyatin da ke ajiye a tsokar shi ke sake cika shi da sauri, kamar fawa bank ne da ka maƙala ma waya mai shan caji. Duka-duka sakan 10 ko ƙasa da haka yake ɗaukarka. In ka ƙara yawanshi a tsoka, wurin da da kake sarewa a turi na 8 sai kaga ka kai 9 ko 10. Shikenan fa. Wannan ƙarin turi ɗaya biyun ne in ya taru sati bayan sati yake zama tsoka. Wanda ya sha ya kwanta a ɗaki babu abinda zai samu sai fitsari mai tsada. Shi yasa yafi amfanar mai ɗaga ƙarfe, da ɗan kokawa da zai ciccibi mutum cikin ƙiftawar ido, da mai gajeren gudu, amma mai dogon gudu ba wani abin kirki yake tsinta ba.

Duniyar wasanni ta fara sanin shi ne a 1992, shekarar da Roger Harris da Eric Hultman da abokiyar aikinsu suka nuna a Suwidin cewa in mutum ya sha, da gaske yana taruwa a tsoka, kuma a shekarar ne jaridu suka ruwaito cewa wasu 'yan tseren Ingila da suka ci zinare a gasar Olamfik ta Basalona sun yi amfani dashi. Daga nan zuwa yau an yi bincike ɗaruruwa a kanshi, cikin kayan 'yan motsa jiki kaf da wuya ka samu wanda aka bincika kamarshi. Wani nazari na 2003 da ya tattara bincike 22 ya samu cewa masu atisaye da kiriyatin ƙarfinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, masu atisaye ba tare dashi ba kuma kashi 12. Ka duba lambobin nan da kyau. 12 ɗin nan zufa ce zalla ta kawo shi, garin 8 ya ɗora a kai. Kuma akwai mutane, kamar 2 zuwa 3 cikin 10, da ko sun sha basa ganin wani canji don tsokarsu dama a cike take.

Maganar abokinka ta "wata ɗaya kaga canji" akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba yadda kake zato ba. Satin farko ko na biyu sikeli zai iya nuna ka ƙara kilo 1 ko 2, to ruwa ne, kiriyatin yana jan ruwa cikin tsoka. Damtse zai ɗan ciko kaji daɗin madubi, in ka daina sha bayan sati 4 zuwa 6 ruwan ya tafi abinshi. Tsokar gaske watanni take ɗauka.

To yanzu ƙoda, wanda shine asalin tambayarka.

Ga inda tsoron ya samo asali. Kullum wani ɓangare na kiriyatin ɗin jikinka yana narkewa ya koma wani datti da ake kira kiriyatinin, ƙoda ce ke tace shi ta fitar a fitsari. In lokotoro yana son sanin lafiyar ƙoda sai ya rubuta analiz ɗin kiriyatinin a jini, in yayi sama alama ce ƙoda bata tacewa yadda ya kamata. Na tabbata lokacin jinyar baba kun sha jin wannan kalmar, ƙila har takardun suna nan a jakar Inna. To mai shan kiriyatin dattin da yake samarwa yana ɗan ƙaruwa don kayan sun ƙaru, sai lambar ta ɗan hau alhali ƙodar lafiyarta lau. Wanda bai san kana sha ba sai ya tsorata. Binciken da aka yi ma masu lafiyayyar ƙoda, har da waɗanda suka sha na shekaru, bai nuna yana lalata ta ba, kuma ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta duniya, ISSN, a matsayar da ta fitar a 2017 haka ta faɗa.

Amma ka lura da kalmar da na saka, masu lafiyayyar ƙoda. Kai ka san taka lafiya take? Ka taɓa aunawa? Yawancinmu sai mun faɗi ake kaimu likita. Ciwon ƙoda kuma mugun shiru gareshi, mutum zai iya rasa rabin aikinta yana yawo yana kabu-kabu bai ji komai ba. Manyan abubuwa biyu dake kashe ƙoda a duniya hawan jini ne da ciwon suga, duka biyun suna bin gida, kuma akwai ciwon ƙoda da shi kanshi gadonshi ake, irin wanda ƙodar ke yin ƙulle-ƙullen ruwa. Ɗan wanda ƙoda ta kashe ba ɗaya yake da sauran 'yan fada ba, ko da kiriyatin ko babu. Saboda haka tsoron Inna ba shirme bane, ta ga abinda kai baka gani ba, ita ta zauna bakin gado ta ga ƙafa ta kumbura fitsari ya ɗauke.

Abinda nake so kayi satin nan, kaje likita ka faɗa musu mahaifina ciwon ƙoda ya kashe shi inaso a duba ni. A auna maka tansiyo wato hawan jini, a duba suga, ayi analiz ɗin kiriyatinin a jini, a duba fitsari ko akwai furotin ko jini a ciki. In takardun baba suna nan ka tafi dasu don a gane wane iri ne nashi, in mai bin jini ne lokotoro zai iya cewa ayi maka hoton ciki. In kana da sikila ko ka taɓa fitsarin jini kana yaro, irin na masu wanka a tabki, duk ka faɗa. Ka yi wannan kafin ka taɓa ko cokali ɗaya don a samu lambarka ta asali da za'a riƙa gwadawa da ita nan gaba. In aka ga wani abu ko kaɗan ne, ko tansiyo ya hau, to maganar kiriyatin ta mutu sai abinda lokotoro yace, kuma ka gode Allah da ledar nan ta zama sanadin ganowa da wuri.

Wani abu da yake ban haushi, samari zasu zauna suna gardamar kiriyatin yana kashe ƙoda ko baya kashewa, alhali abinda ke cin ƙodar da gaske yana aljihunsu. Ɗan kabu-kabu ya wuni kan moto baya ya riƙe, da yamma ya ɗaga ƙarfe jiki yayi tsami, sai ya tsaya wajen mai tebur ya sayi diclofenac ko ibuprofen ya watsa biyu, gobe ma haka jibi ma haka, ga rana ta Afirilu da Mayu da take wuce digiri 40, ga shi tun safe bai sha ruwan kirki ba. Waɗannan magungunan suna rage jinin dake zuwa ƙoda, in suka haɗu da ƙishirwa to nan ne ake samun matsala ta gaske. Ban ce kana yi ba, amma in kana yi ka daina, wannan ya fi ledar can haɗari nesa ba kusa ba. Haka sha-ka-fashe da ake saida ma masu son ƙiba, sau da yawa dexa ne a ciki, wato maganin dexamethasone, fuska ta kumbura ciki ya fito suga da tansiyo su hau, tsoka kuma ƙara lalacewa take. Ruwa kuma nasan halin garinmu, wani lokacin famfo sai ya kwana biyu bai ce uffan ba, amma dai ka riƙa yawo da gora a moto. Ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi maka kaɗan.

Mu koma kan leda. A farkon shekarun 2000 wani ɗakin bincike a Kolon ta Jamus, da tallafin kwamitin Olamfik, ya sayi kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13 ya auna, kusan kashi 15 cikin 100 an samu sinadaran ƙarin ƙwanji a ciki waɗanda ba'a rubuta a jikin robar ba. Wannan fa kaya ne masu roba da hatimi da sunan kamfani, a Turai da Amurka. To ina ga wanda aka farke aka ƙulla a leda ya ratso Maimujiya ko Magarya a cikin jakar wani? Mafi sauƙi ace an cakuɗa da garin sitaci ko gulukos kayi asarar kuɗi. Mafi muni ace an zuba wani abu don ka "ga canji" da wuri ka dawo ka ƙara saye, kuma irin waɗancan sinadaran su ne ke taɓa hanta, su ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, su rage maniyyi, wani ma nono ya fito mishi. Ba ina zargin abokinka da mugunta bane, ƙila shima haka aka saida mishi.

Sannan maganar kilo 61. Wlh ƙanena in zan yi caca, da ba haram ba, zan ce matsalarka a kwano take. Faɗa min me kake ci. Shayi da biredi da safe, rana kana kan hanya ƙila ka sha fura ƙila ka manta, dare tuwo. Da wannan ko buhun kiriyatin ka shanye ba inda zaka, don shi baya gina komai da kanshi, furotin da wadataccen abinci ke gini. Masu bincike sun samu cewa mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kamar giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinshi a rana, kai kenan wajen giram 100. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, kaga akwai aiki. Amma Alhamdulillahi garin nan ba'a rasa ba, wake da shinkafa, awara, ƙuli-ƙuli, gujiya, nono mai kyau a fura, cuku, kifi banda, fara in lokacinta yayi wadda furotin ɗinta ba wasa bane, kilishi ko tsire ranar da kasuwa tayi kyau. Ka ƙara ci sau ɗaya ko biyu kan yadda ka saba, ko da dambun zogale ne da ƙuli da ƙwai biyu bayan atisaye. In sati 3 suka wuce sikeli bai motsa ba ka ƙara loma. Kuɗin da zaka zuba a robar kiriyatin ɗaya, ka lissafa ƙwai nawa ne.

Da barci. In kuna fada kuna shayi har ƙarfe 2 na dare kuma asuba ka fita neman fasinja, tsoka bata samu lokacin gyara kanta ba, awa 7 zuwa sama ake so. Atisayen ma ka duba, na san yadda ake a fadodi, kowa ƙirji da damtse kullum don su ake gani a riga, ƙafa da baya an barsu marayu, kuma ƙarfen da aka ɗaga watan jiya shi ake ɗagawa yau. Sai kana ƙara nauyi ko ƙara yawan turi a hankali jiki ke canzawa. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubutawa. Abokanka da suka buɗe kuma kar ka auna kanka dasu, wani ƙirar gidansu ce, wani kuma baka san me yake sha a ɓoye ba.

Inna kuwa, kalmar da ta furta ba ƙarama bace kuma ni bazan ce maka ka sha a ɓoye ba. Ƙarin turi biyu a benci bai kai ka kwana da "ban yafe ba" a kanka ba. Kar ka je mata da bayanin ATP da su Suwidin, ba wannan take son ji ba. Kaje ka durƙusa kace Inna na maida ledar, kuma maganarki tasa zanje a duba min ƙoda. In zata iya ku tafi tare, taji daga bakin lokotoro da kunnenta, kai kuma kayi tambayar a gabanta. In da yayanka ko kawu da take jin maganarshi ka saka shi ciki. Watakila in taga takarda ta nuna lafiya kuma taga kana cin abinci kana barci ta sauko da kanta. In bata sauko ba ka haƙura dashi, ka tuna 12 ɗin can da ba gari a ciki, mutane sun gina jiki tun kafin a fara saida shi, 'yan kokawar da da fura da nama suka yi nasu.

In kuma analiz yayi kyau, lokotoro ya yarda, Inna ta janye maganarta, to ga yadda ake yi. Ka nemi roba a rufe da hatiminta, a jiki an rubuta creatine monohydrate shi kaɗai ba tarkacen haɗi ba, da kwanan watan lalacewa da lambar kaya, in da tambarin gwaji irin Informed Sport ko NSF ko alamar Creapure ya fi. Masu tsadar nan da ake ce ma sabon samfuri ba'a nuna sun fi shi ba. Giram 3 zuwa 5 a rana, wajen cokalin shayi ɗaya, a ruwa ko kunu ko fura, kowane lokaci, har ranar da baka atisaye. Zaka ji ana maganar lodi, wato giram 20 a rana na kwana 5 zuwa 7, baka buƙata, binciken Hultman na 1996 ya nuna giram 3 kullum na kwana 28 yana kai tsoka inda lodin ke kaita, kuma lodin ne yafi kawo kumburin ciki da zawo. Roba mai giram 300 a haka zata yi maka wata 2 zuwa 3. Ka dama ka sha a lokacin kar ka barshi a gora ya wuni cikin zafin nan, kuma robar a rufe ta da kyau lokacin damina don yana dunƙulewa. Garin a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai ba daga dabba ba, sai dai in na kafso ne ka duba da me aka yi ɓawon, shi yasa gari ya fi kwanciyar hankali. Da azumi ka sha bayan buɗa baki.

Za'a ce maka yana kawo sanƙo, wannan daga bincike ɗaya ne na 2009 kan 'yan wasan rugbi a Afirka ta Kudu, kuma sinadarin jini suka auna ba gashi ba. Bayan wata 3 da farawa ka koma a sake analiz ɗin, ka faɗa ma lokotoro tun kafin a ɗebi jinin cewa kana shan kiriyatin da yawan da kake sha, tansiyo kuma ko ka sha ko baka sha ba ka riƙa aunawa akai-akai saboda tarihin baba, ƙannenka ma ka kaisu a duba su.